Jan rubutun da ke cika maka log bayan rolbak

Ka ce a manhajar Java da kake rubutawa ka sa catch, wato wurin da ke cafke kuskure, an yi rolbak (soke aikin da aka fara a databes) lafiya lau, amma duk sanda yaron shago a Kantin Kwari ya sake shigar da lambar wayar kwastoman da ke cikin manhajar tuntuni, sai log, wato inda manhajar ke rubuta abin da ke faruwa, ya cika da jan rubutun kuskure. Kana neman inda za ka rufe masa baki.

To ƙanena, catch ɗinka ba shi da laifi, a makare yake isowa. PostgreSQL, wato databes ɗinka, shi ne ya fara ƙin lambar, ya dawo da lambar kuskure 23505, wato an maimaita abin da ba a yarda a maimaita ba. A Hibernate 5, mai shiga tsakanin manhajar da databes, akwai ajin (class) da ake kira SqlExceptionHelper, shi yake fara karɓa, ya rubuta WARN, ya rubuta ERROR, sannan ya jefo sama. Kafin Spring, tsarin da ka gina manhajar a kai, ya mayar da kuskuren DataIntegrityViolationException ya miƙo maka, rubutu ya riga ya zauna. Mai gadi ne ya kwarma ihu tun kafin mai gida ya fito ya ce ai baƙon nasa ne.

Ana iya kashe shi, layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti na application.properties, ka sa wannan ajin a OFF. Ni dai ban so. Bakin da yake faɗa maka an maimaita lamba, shi ne zai faɗa maka ran da aka rasa wani tebur ko layin databes ya yanke. In dole sai ka kashe, to kai ka riƙa rubuta duk kuskuren da ba 23505 ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne inda ka ajiye catch ɗin. In a cikin @Transactional yake, wato aikin da ko a adana shi duka ko a soke shi duka, kuskuren ya riga ya sa wa aikin alamar sai rolbak, kana zuwa commit, wato adanawa, ka ci karo da UnexpectedRollbackException. PostgreSQL kuwa ba zai ƙara karɓar umarni a cikin wannan aikin ba. Fitar da catch ɗin waje, kuma kada ka sake amfani da wannan Session ɗin, wato zaman da Hibernate ya buɗe da databes.

Maimaita lamba a shago ai kullum ne, don me za a bari ya zama kuskure? Tun PostgreSQL 9.5 da ya fito a 2016 akwai INSERT ... ON CONFLICT DO NOTHING, wato in lambar tana nan a ƙyale ta ba tare da kuskure ba. Sai ka duba: layi nawa ya shiga tebur? In sifili ne, ka nuna wa yaron cewa kwastoman yana nan. Gyara hakan, bayan la'asar ka kawo mu gwada da lamba ɗaya daga waya biyu a lokaci guda.