Hayaƙin gari da ƙanƙarar gajimare

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Garwa. Na ji an ce hayaƙin babura da janareta da ƙona bola yana hawa sama ya sauya yadda ƙanƙara ke samuwa a gajimare, har ya taɓa damina. Gaskiya ne?

Amsa: Da gaskiya a ciki, ɗan'uwa, amma an ɗora wa hayaƙin gari fiye da aikinsa.

Ɗigon ruwa mai tsafta a can sama ba ya daskarewa da zarar sanyi ya kai digiri sifili. Yakan zauna a ruwansa har kusan digiri 38 ƙasa da sifili, sai in ya sami ƙwayar da ƙanƙara za ta fara kamawa a jikinta. Irin wannan ƙwaya kaɗan ce ƙwarai a iska. Da ƙanƙarar ta kama, sai ta yi ta janye tururin da ke kewaye da ita, ta yi nauyi, ta faɗo tana narkewa. Yawancin ruwan hadarinmu da haka yake farawa.

To, gwanar wannan aiki ƙurar hamada ce. A 2013 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna cewa ma'adinin felsfa da ke cikin ƙura shi ne kan gaba. Mu kuwa muna bakin Sahara, ga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ke cikin manyan wuraren tashin ƙura a duniya. Kunkunniyar hayaƙi ba ta iya wannan aikin sosai ba. Ko a Beijin, babban birnin Sin, da duk turnuƙewarta, binciken da aka fitar a 2018 bai ga ƙwayoyin da ƙanƙara ke kamawa a jikinsu sun ƙaru a ranakun da hayaƙi ya yi yawa ba.

Inda hayaƙin gari ke da tasiri shi ne ɗigon ruwa: yana sa su yi yawa amma ƙanana, gajimare ya ƙara haske, ya mayar da zafin rana sama, ruwa kuma ya yi jinkirin zubowa. Ita kunkunniya zafin take sha, ta ɗumama iska. Amma makarar damina a Garwa ko Marwa ta fi alaƙa da iskar da ke taso da danshi daga Tekun Atilantika fiye da bututun babur.