Yaya mutum zai zama ɗan majalisa kuma minista a lokaci guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji labarin wani ɗan asalin Najeriya mai suna Kaycee Madu wanda ya riƙe ministan shari'a a lardin Alberta na ƙasar Kanada, sai kuma aka ce ɗan majalisar dokokin lardin ne. Shin ana haɗa kujerun nan biyu? Kuma me ya raba shi da gwamnati? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙwarai ana haɗawa. Hasali ma a Kanada da wuya mutum ya daɗe a kujerar minista in ba shi da ta majalisa. Tsarin firaminista suke bi irin na Ingila, tun daga tarayya har lardunansu 10. Jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisar lardi ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama firimiya, shi kuma ya zaɓi ministoci daga cikin 'yan majalisar jam'iyyarsa.

Abin ya zame mana baƙo ne saboda tun 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko. A kundin 1999, ɗan majalisar da aka naɗa kwamishina ko minista, yana shan rantsuwa ya rabu da kujerarsa. Amma a Jamhuriya ta Farko haka muke: Sardauna Ahmadu Bello firimiya ne kuma ɗan majalisar Arewa a Kaduna, ministocinsa ma daga majalisa suka fito.

Shi Madu lauya ne, a Jami'ar Legas ya yi karatu, ya koma Kanada a 2005. A zaɓen Afrilun 2019 ya tsaya a mazaɓar Edmonton ta Kudu maso Yamma a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta UCP, ya ci da ƙyar. Majalisar Alberta kujeru 87 gare ta, UCP ta kwashe 63, amma a cikin birnin Edmonton, babban birnin lardin, shi kaɗai ne ya kai bantensa. Sauran duk jam'iyyar adawa ta NDP ta cinye. To ka ga darajar kujerarsa. Firimiya Jason Kenney ba zai so ya kafa gwamnati babu ko mutum ɗaya daga babban birni ba. Madu sabon shiga ne, amma nan take aka ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi. A Agustan 2020 aka ɗaga shi zuwa ministan shari'a, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a Kanada.

Matsalar ta samo asali ne daga wani abu da yawancinmu za mu ɗauka ƙarami. A Maris ɗin 2021 ɗan sanda ya tsayar da shi da safe a kusa da wata makaranta, ya rubuta masa tarar dala 300 bisa zargin amfani da waya yana tuƙi. Sai ya ɗauki waya ya kira shugaban 'yan sandan Edmonton. Ya biya tarar, amma da labarin kiran ya fasu a Janairun 2022, Kenney ya ce ya koma gefe, aka ɗora wa wata tsohuwar alƙaliya, Adèle Kent, bincike. Madu ya ce bai nemi a soke tarar ba, damuwarsa ita ce ko launin fatarsa ne ya sa aka tare shi. Rahoton ya yarda bai nemi a soke ba, amma ya ce kiran kansa yunƙuri ne na katsalandan a harkar shari'a, ko da yake bai yi tasiri ba.

A ganina hukuncin ya yi daidai. Ƙorafin wariyar launin fata ba abin rainawa ba ne, baƙaƙen fata da yawa a can suna kuka da shi. Sai dai harkar 'yan sanda a lardin tana ƙarƙashin ma'aikatarsa ne a lokacin. Duk kiran da zai yi wa shugaban 'yan sanda a kan maganar kansa, kunnen da ke saurare ba zai ji shi a matsayin koken talaka ba.

Ka lura da abin da ya biyo baya, don a nan amsar tambayarka take. Firimiya yana da ikon canza masa ma'aikata, kuma ya yi: a Fabrairun 2022 ya mayar da shi ma'aikatar ƙwadago da shige da fice. Amma ba shi da ikon ƙwace kujerarsa ta majalisa, domin ta mutanen mazaɓa ce. Da Danielle Smith ta gaji Kenney a Oktoban 2022, har mataimakin firimiya ta naɗa shi.

Masu zaɓe ne suka sauke shi. A zaɓen 29 ga Mayun 2023 UCP ta sake kafa gwamnati da kujeru 49, amma NDP ta lashe duka kujeru 20 na Edmonton, ɗan takararta Nathan Ip ya kayar da Madu. Jam'iyyarsa na kan mulki, firimiyar da ta ɗaukaka shi na kan kujerarta, amma da yake ba shi da mazaɓa, ba a sa shi a sabuwar majalisar ministoci ba.