Kallon fim ɗin Shaihu Umar zai wadatar ba tare da karanta littafin ba?

Ka yi tambaya ko wanda ya kalli fim ɗin Shaihu Umar yana da sauran buƙatar karanta littafin, kuma amsata ita ce yana da buƙata ƙwarai, domin kowannensu yana da abin da ɗayan ba zai iya bayarwa ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne don gasar rubutun Hausa ta 1933, sannan Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗin a 1976. Ƙarfin littafin yana cikin muryar Shaihu Umar, dattijon malami da ke zaune a gaban almajiransa yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, har ya tsallaka hamada a hannun Balarabe Abdulkarim. Natsuwar da yake magana da ita, ba ƙorafi, ba ɗaga murya, ita ce take sa wahalar mahaifiyarsa ta ratsa zuciya, matar da ta bar gida tana nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Na karanta wannan wuri fiye da sau ɗaya, kuma kullum sai na ajiye littafin na yi shiru.

Fim ɗin kuwa yana nuna wa ido abin da alƙalami ya taƙaita, wato raƙuma, rairayi, sutura da fuskokin mutane. Amma da zarar ka ga fuskar ɗan wasan, da wuya ka sake ƙirƙiro naka Umar a zuci, shi ya sa nake ba ka shawarar ka fara da littafin, tunda ba shi da tsawo.