Tambaya da Amsa: Saura kwana uku in bar Alƙahira

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Mabera ne a Sakkwato, yanzu ina Alƙahira, na kammala kwas ɗin Larabci. Saura kwana uku in wuce Jidda in yi Umara kafin in dawo gida. Duk zaman nan daga masauki sai aji. Abokaina sun ce mu leƙa Iskandariyya mu ga teku, mu zarce Luksor, ga shi guzuri ya ja baya. Me ka ga ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa karatun albarka. Luksor dai cire ta daga lissafi. Nisanta ya haura kilomita 600, jirgin ƙasa kwana yake yi a hanya, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye maka kwanakin. Teku kuwa za ka gan shi a Jidda kyauta. Tsaya Alƙahira.

Dalar Giza safiya ɗaya ta ishe ta, ka yi sammako kafin rana ta take. Babbar, ta Fir'auna Kufu, ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Riƙe katinka na ɗalibi, ana rage wa ɗalibai kuɗin shiga. Masu raƙuma za su yanyame ka. Kai da ka tashi kana ganin raƙuma a Kara, ban ga abin da zai sa ka biya don hoto ba. In kuma ranka ya biya, ku yi ciniki tun kana ƙasa, har da kuɗin sauka.

Rana ta biyu ita na fi so ka ba muhimmanci. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka tashar Mar Girgis, ka taka zuwa masallacin Amru bin Asi, masallaci na farko a Masar, wanda aka kafa wajen shekarar 642 Miladiyya. An sha rushewa ana sake ginawa, saboda haka kada ka zaci bangon Sahabbai kake shafawa, wurin ne dai na asali. Daga nan ka nufi makabartar Ƙarafa, inda Imamu Shafi'i yake kwance tun 820. A ɓangarenta da ke kusa da ganuwar Salahuddin akwai kabarin Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Jalalainin nan da kake ji ana ja wa baƙi a masallatan Sakkwato duk watan azumi, shi ya ƙarasa shi bayan rasuwar malaminsa Mahalli. Ya kuma rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, su Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu ma suna kafa hujja da shi a littattafansu. Basakkwace ya yi wata da watanni a garin bai je ya yi masa addu'a ba, ai da kunya.

In ƙafa ba ta gaza ba, biya masallacin Ibnu Ɗulun na 879. Matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana nannaɗe da ita, daga sama kana hango tsohon birnin. Ka yi Magariba a Azhar, wanda aka fara salla cikinsa a 972. A da can akwai sashen ɗaliban Barno a ciki, ka ga mutanenmu ba jiya suka fara zuwa ba. Shagunan littattafai na bayan masallacin sun fi kasuwar Kan Kalili amfani gare ka. Can kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce, in ba ka iya tayi ba sai ka saya ninki. Littafi dai nauyi gare shi, auna jakarka kafin kamfanin jirgi ya auna maka.

Rana ta uku kada ka yi nisa da masauki. Duba takardar izinin zamanka, in wa'adinta ya wuce tara ce ke jiranka a filin jirgi. Sallami malamanka da wanda ka ci bashinsa. Sannan ka ware haraminka daga kayan da za a kai ƙarƙashin jirgi. Miƙatin mutanen Masar Juhufa ne, kuma kana sama za ku wuce saitinsa, tafiyar ba ta fi awa biyu da 'yan mintoci ba. Ɗaura harami tun a filin jirgin Alƙahira, da an yi sanarwa sai ka yi niyya. In ka isa Ka'aba, ka sa mu a addu'a.