Tambayi Likita: Korona da Shanyewar Ƙafafu

Likita, yayana ya yi mura da zazzaɓi, gwaji ya nuna korona. Bayan mako biyu ƙafafunsa suka yi nauyi, yanzu ko tsayuwa ba ya iyawa. A gida ana cewa sammu ne. (Hajara, Unguwar Rogo)

Malama Hajara, Allah ya ba shi lafiya. Ku kai shi babban asibiti yau, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Abubuwa biyu nake zargi. Na farko ciwon Guillain-Barré: garkuwar jiki ta gama yaƙi da ƙwayar cuta, sai ta juya kan jijiyoyin mutum. Raunin kan fara daga ƙafa ya hau sama, idan ya kai ƙirji numfashi kan gagara, sai da na'ura. Tun a Afrilun 2020 likitocin Italiya suka ba da rahoton masu korona biyar da hakan ta same su. Na biyu kumburin laka, wanda kan zo da ciwon baya, riƙewar fitsari, da jin kamar an ɗaure ciki da igiya.

Maganinsu ya bambanta. Kumburin laka ana yi masa allurar sitiroyid, amma ita ba ta amfanar mai Guillain-Barré, shi sai IVIG (ruwan garkuwar jiki da ake sawa ta jijiyar jini) ko tace jini. Shi ya sa ake ɗaukar hoton MRI, a ɗebi ruwan laka. A nan ƙasar kuma sai an duba tarin fuka na ƙashin baya da HIV kafin a ɗora wa korona laifi. Addu'a kam a ci gaba, amma a gadon asibiti.

Allurar rigakafin korona na jawo Guillain-Barré? (Sani, Bukur)

An gani, amma da wuya ƙwarai. A Yulin 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta saka gargaɗi a kan ta Johnson & Johnson. Ciwon dai ya girmi korona, gudawa daga naman kaza da bai dahu ba ma na janyo shi.

Ana warkewa? Ɗiyata mai shekara 9 ce. (Maman Ummi, Gangare)

Akasari masu Guillain-Barré na komawa tafiya, sai dai da haƙuri, watanni ana gashin ƙashi. A riƙa juya ta a gado saboda gyambo. Tunda ba ta kai 15 ba, ma'aikatan lafiya za su karɓi bayan gidanta a gwada shan inna, ki ba su haɗin kai.