Darbejiyar da ta karkata kan katangar maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A ƙofar gidanmu akwai tsohuwar darbejiya da marigayi mahaifinmu ya dasa, tsayinta zai kai mita 15. Tun iskar farkon damina ta karkata wajen katangar maƙwabcina, ga kuma wayar wuta a gefe. Na samo mai injin yankan itace, ya ce aikin minti goma ne: zai ɗaura igiya samarin unguwa su ja, shi kuma ya yanke gindin har ya rabu. Ni dai hankalina bai kwanta ba, in iska ta taso da dare ko barci ba na yi. In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka bar shi, ɗan'uwa. Wannan kalmar tasa ta "har ya rabu" ita ta tona shi.

Kusan kullum sai na yi wannan faɗan da masu inji. Sun ɗauka igiya da ƙarfin samari ke juya bishiya, aikin inji kuwa ya raba ta da gindinta. Ba haka ba ne. Abin da ke jan ragamar bishiya lokacin faɗuwa shi ne 'yar tsokar itacen da ake bari ba a yanke ba, tsakanin bakin da aka buɗe ta gaba da yankan da aka biyo ta baya. Ni linzami nake ce mata. In kaurin gindin santimita 60 ne, za a buɗe baki ta ɓangaren da ake son ta faɗi, zurfinsa kamar santimita 12 zuwa 15. Sai a zagaya baya a yanko, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin, a tsaya cak idan ya rage kamar santimita 6, wato kashi ɗaya cikin goma na kaurin. A kan wannan tsokar bishiya ke lanƙwasa a hankali kamar ƙyauren ɗaki. Da zarar sarƙar injin ta cinye ta, bishiyar ta zama ba mai ita. Tana iya juyawa a kan kututture, tana iya zamewa baya ta doki ƙirjin mai yankan, tana iya bin inda nauyinta ya rinjaya, a nan kuwa katangar maƙwabcinka ke nan.

Su kuma samarin, a ina za su tsaya? Mai jan igiya yana tsaye ne daidai inda yake kiran bishiyar ta faɗo. Ɗanyar darbejiya irin wannan ta fi ƙaramar mota nauyi, mutum takwas ba za su hana ta zuwa inda ta nufa ba. Ƙa'ida ita ce kowa ya nisanta ninki biyu na tsayinta, a taka bishiyar mita 30 ke nan. Wane lungu ne a cikin gari yake da wannan fili?

Na taɓa gani da idona a wata gona. Bishiyar turare ce ta karkata, mai injin ya shigo ta baya kai tsaye ba tare da buɗe baki ba. Kafin ya kai rabi sai muka ji ƙara kamar bindiga, gangar ta tsage daga ƙasa zuwa sama, ɓarin ya ɗago ya wuce ta gefen kunnensa. Hularsa muka tsinta a cikin kunya. Da ya dawo hayyacinsa wai layar da ke damtsensa ce ta cece shi. Na ce masa, ko 'yan tauri ban ga wanda ya taɓa miƙa wa sarƙar da ke gudun kusan mita 20 a daƙiƙa hannunsa ba.

Taka bishiyar ba ta kayarwa gaba ɗaya ba ce. Wadda ta karkata kan gini, ga waya kusa, daga sama ake sauke ta, reshe bayan reshe, kowanne a ɗaure shi a zuro da igiya, kuma wanda ya saba hawa ne zai yi. Kafin nan ka je ofishin kamfanin wuta su kashe layin, ka kuma nemi izini wurin jami'an gandun daji na ƙaramar hukuma. Na san za a yi ta ce maka ka dawo gobe. Ka daure, jeka-ka-dawo na mako guda bai kai shari'a da maƙwabci ba.

Idan rassan sun sauka za a daddatsa, ka sa ido kan abu biyu. Kada saman hancin injin, wato ƙarshen ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, ya taɓa komai, nan ne yake harbi kamar jaki ya taso wa fuska. Gungumen da ya hau kan abu ta gefe biyu kuma, a fara tsaga shi ta sama kamar sulusi, a ƙarasa ta ƙasa, in ba haka ba ya matse sarƙar.

Wanda duk za ka kira, ka ce ya tayar da injin a gabanka ya tura birkin sarƙa da bayan hannunsa. Da yawa sun cire shi wai yana rage musu sauri, ko injin Stihl ne ko na Chana. In sarƙar ba ta tsaya nan take ba, ka ba shi kuɗin mota ya koma.