Risk a waya: ina da ƙasa fiye da kowa, amma ni ake fara sharewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna buga Risk ta intanet a fadarmu, nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi. Kullum ni ke fara kama Afirka, ƙasashena sun fi na kowa yawa, amma kafin a sauke shayi na uku an share ni daga taswira. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar tana cikin abin da kake taƙama da shi. A wannan wasa na cin yankuna a taswirar duniya, wanda Bafaranshe Albert Lamorisse ya ƙirƙiro a 1957, yawan sojoji da kati ke ba da nasara, ƙasa bayansu take bi.

Duba lissafin. Taswirar asali tana da yankuna 42. A farkon kowane zagaye ana raba yawan yankunanka gida uku, abin da ya fito shi ne sababbin sojojinka, kuma ba ya gaza 3. Mai yanki 12 zai samu 4, mai 14 ma 4 ne, sai ya kai 15 ya ga 5. Ke nan yanki uku kake ci don soja ɗaya tak, alhali kowane yanki sai ka bar soja a cikinsa, ban da waɗanda suka faɗi wajen yaƙin. Ka zama manomin da ya share gonaki goma ba shi da mai tsaron ko ɗaya.

Afirkar kuma, kishin gida daban, wasa daban. Yankunanta 6 ne, ladanta (ƙarin sojan da ake ba wanda ya riƙe nahiyar duka a kowane zagaye) soja 3, ƙofofinta uku: Arewacin Afirka, Masar da Gabashin Afirka, suna kallon Birazil, Turai da Gabas ta Tsakiya. Mafi muni, duk wanda ya riƙe Kudancin Amurka, Arewacin Afirka yake so ya girke dakarunsa don ya toshe ƙofarsa, saboda haka ko ba ku yi faɗa ba maƙiyinka ne. Ostareliya yanki 4 ce, lada 2, ƙofa ɗaya ta wajen Siyam. Kudancin Amurka lada 2, ƙofa biyu. Asiya na ba da 7, amma wanda ya neme ta da wuri ya nemi ajalinsa. Ka nufi nahiyar da rabo ya riga ya tara maka sojoji a cikinta, in kuwa mutum biyu na kokawa a kan Ostareliya, ka bar musu.

Sai ƴaƴan lido. Mai kai hari na jefa har uku, mai tsaro har biyu, in an yi kunnen doki mai tsaro ya ci. Uku da biyu: kashi 37 cikin ɗari ka kashe masa soja biyu, kashi 29 ka rasa biyu, sauran kowa ya rasa ɗaya. Rinjayenka ɗan kaɗan ne, kuma yana nan ne muddin kana jefa uku. Ɗaya da ɗaya, damar cinka ba ta kai kashi 42 ba. Don haka kada ka taɓa kai hari da ƙasa da soja 4 a yankin da kake tasowa, kuma ka tara rundunarka wuri ɗaya ko biyu maimakon bibbiyu a ko'ina.

Inda ake cin wasan dai shi ne kati. Kati ɗaya ake ba ka a zagaye, ko yanki ɗaya ka ci ko goma. To ka nemi yanki mai soja ɗaya, ka ci, ka karɓi katinka, ka mayar da sojojinka bakin ƙofa, ka zauna. Katunan nan ake canzawa a karɓi sojoji, don haka kafin a fara ka duba tsarin canjin da aka zaɓa. In mai hauhawa ne, canjin farko na ba da soja 4, sai 6, 8, 10, 12, 15, daga nan ana ƙara biyar-biyar. Lokacin da canji ya kai 25 ko 30, ukun Afirka ba su kai a zubar musu da jini ba. Da farko kada ka yi gaggawar canzawa. Sai katunanka sun kai 5 ne ya zama dole, kuma duk wanda ya riga ka yana ƙara wa naka daraja.

Yanzu ka gane dalilin da ake share ka. Wanda ya fitar da ɗan wasa shi ke gadon katunansa. Kai kuma ga ka da kati huɗu a hannu, sojoji ɗai-ɗai a warwatse. Ka juya abin: kowane zagaye ka ƙirga sojojin kowa da katunansa, ka nemi rarrauna. Kafin ka far masa, ka bi hanyar da yatsa, ka tabbata layi ɗaya zai ratsa duk yankunansa, ka cire soja ɗaya ga kowane yanki da za ka bari a baya. In lissafin bai kai ba, kada ka fara, don in ka bar shi da yanki ɗaya, na bayanka ka yi wa aiki.

In rezo na yawan yankewa a wajenku, ka shirya tafiyarka tun wasu na bugawa. Da naka ya zo, ka fara cin yankin katin kafin komai.